Tambayoyi da Amsoshi Kan Gano Siffa da Zubi a Hoto, Daga Titunan Kaduna

Duk Asabar ɗin da muka fita yawon ɗaukar hoto da matasa masu koyo, tambayoyin da nake sha kusan iri ɗaya ne. Wasu a baki ake yi min su, wasu kuma sai tsakar dare su faɗo ta WhatsApp. Shi ya sa na tara su wuri guda. Na daɗe ina cin abinci da kyamara a garin nan, galibi a gidajen biki da suna, amma yawon ƙafa a kasuwa da bakin kogi ne ya gyara min ido.

Malam, wai me ake nufi da siffa da zubi?

Siffa ita ce abin da ya rage idan ka cire wa abu sunansa. Faifai, tayar Keke Napep, bakin rijiya, murfin tukunya, duk da'ira ne. Kashin tumatir da mai talla ya jera a tire, uku a ƙasa ɗaya a sama, alwatika ne, haka ma rufin bukka. Ƙofa da taga da allon talla masu kusurwa huɗu ne.

Zubi kuwa shi ne siffa ta riƙa maimaita kanta bisa wani tsari, kamar saƙar tabarma, ko bulo da aka shanya, ko sahun masallata. Abu biyu ba sa yin zubi. Daga uku ne ido ke fara ƙirga, ya soma jiran na huɗu.

Na zaga gari awa biyu ban ga komai ba. Idona ne ba shi da kyau?

Idonka lafiya lau. Matsalar ita ce ka san garin fiye da kima. Da ka kalli abu, kafin ido ya gama aikinsa ƙwaƙwalwa ta riga ta ce "bokiti ne", ta wuce gaba. Sunan yana rufe surar. Baƙon da ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Rigasa yau zai ga abin da kai ka shekara ashirin kana wucewa ta gabansa.

Ga dabarun da nake sa masu koyo su yi. Ka ƙanƙance ido har komai ya yi dishi-dishi. Ƙananan abubuwa za su ɓace, a bar ka da manyan ɓangarorin haske da duhu, to waɗannan su ne ƙashin hoton. Ka ɗauki hoto ka juya wayar ƙasa ta koma sama. Da zarar abu ya kife, ƙwaƙwalwa takan ɗan rikice wajen raɗa masa suna, sai layukan su fito. Masu zane sun daɗe da sanin wannan, wasunsu har madubi suke sa wa aikinsu don su kama inda ya karkace.

Wadda ta fi duka aiki kuwa ita ce ka fita da siffa ɗaya tak a ranka. Yau da'ira kawai. Minti goma na farko za ka ji kamar wasan yara ne. Bayan nan sai abin ya zame maka kamar ciwo: masa a tanda, ƙullin igiya, tiren mai goro, hular malam idan ka hango ta daga bene, zoben da ɗigon ruwa ke yi a kwata. Wata yarinya da muka fita da ita ta dawo da hoto fiye da hamsin daga layi ɗaya a Tudun Wada, layin gidansu, tana rantsuwa ba ta taɓa ganin ko ɗaya a ciki ba.

Ina ya kamata in fara zuwa a Kaduna?

Panteka, ba tare da dogon tunani ba. Tukwanen alminiyam a jere babba na goyon ƙarami, murhun gawayi, ƙofofin ƙarfe da aka lanƙwasa musu ado, tulin tsoffin ƙarafa da ba ka san farkonsu ba. Wurin akwai hayaniya da walƙiyar walda, ka kula da idonka da takalminka, amma ban san inda ya kai shi arzikin siffa a garin nan ba.

Kasuwar Bacci tana ba ka takalma a jere da tufafi a rataye. Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi tana ba ka turamen atamfa da aka ɗora kamar shafukan littafi, zubi a kan zubi. A Bakin Dogo kwandunan tumatir da attaruhu da albasa ne, kuma sai ka yi sammako.

Sai kogi. Da rani ruwan Kogin Kaduna kan ja baya, duwatsu su fito, masu lambu su yanka fangali a gefe kamar gidajen dara, masu wanki su shanya kaya kala-kala. Daga kan gada ake ganin wannan da kyau, domin zubi yana son a kalle shi daga sama. Wanda ke tsaye a tsakiyar lambu ganye kawai yake gani.

A wurin shaƙatawa na Gamji akwai tsohuwar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga (Lugard), wadda aka gina a Zungeru a 1904 kafin daga baya a kwance ta a kawo nan; ƙarafunan jikinta darasi ne a kan yadda layi ke ratsa layi. Gadar sama ta Kawo tana da lanƙwasa mai daɗin kallo, musamman idan inuwarta ta kwanta a kwalta. Ƙubbar Lugard Hall ma haka, sai dai majalisar dokokin jiha ce ke zama a ciki, don haka ba wurin da za ka ɗaga kyamara kai tsaye ba ne.

Wane lokaci ne ya fi?

Haske ne ke sassaƙa siffa, kuma mu a nan rana tana hawa sama ƙwarai. Kaduna tana kan digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana kuma takan take tsaka wajen 12:30 a agogonmu. Sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, tana zuwa daidai tsakar ka, har inuwar turke ta kusa ɓacewa. A irin wannan lokaci bango mai zane yakan fito a shafe, kamar ba a taɓa yi masa ado ba.

Ka fito da hantsi, ko bayan La'asar, lokacin da hasken ke zuwa ta gefe yana gogar bango. A nan ne kowane tudu ke samun inuwarsa, kaushin yaɓe da sawun yatsun magini su bayyana. Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba: daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta ranar tsaka ta arewa take bi, sauran shekara kuma ta kudu. Bangon da ya ƙi ba ka hoto a Disamba zai iya ba ka a Yuni. Ka riƙa komawa.

Ban ce a raina tsakar rana ba. Tana da nata amfanin: a ƙarƙashin rumfar zana ko rufin kwano mai huji, haske kan zubo ɗigo-ɗigo a kan mutane da kaya. Hazon hunturu kuma yana shafe ƙananan abubuwa, ya bar bishiyoyi da hasumiyoyin masallaci hawa-hawa, na kusa baƙi, na nesa fari-fari, rana kanta ta koma kamar faifai. Ka dai riƙa goge gilashin kyamara, ƙura ba ta da kunya. Da damina kududdufi ne madubinka. Ka durƙusa ka kusanto da wayar dab da ruwan, gini ɗaya ya zama biyu.

Waya ta isa, ko sai na sayi babbar kyamara?

Ta isa. Ka kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamarar don su taya ka miƙe hoto, ka taɓa inda ya fi haske a fuskar wayar ka ɗan rage hasken don inuwa ta yi duhu sosai. Kuɗin kyamarar ka sayi takalmi mai daɗin tafiya.

Na ɗauki jerin tukwane, ya fito tsaf, amma hoton ba armashi. Me ya ɓace?

Wannan ce tambayar da na fi so, domin mai yin ta ya riga ya wuce matakin farko. Zubi shi kaɗai atamfa ce: yana da kyau, amma ido yana gane dokarsa cikin daƙiƙa guda, daga nan ba shi da sauran aiki. Abin da ke riƙe mai kallo shi ne wurin da dokar ta karye. Tukunya ɗaya a kife a cikin talatin. Farar tattabara a layin baƙaƙe. A sahun Idi, kowa ya yi sujada, yaro ɗaya ya ɗago kai yana kallon sama. Wannan yaron shi ne hoton, sahun kuwa shi ya ba shi daraja. Cire ɗaya, ɗayan ya mutu.

Saboda haka idan ka samu zubi mai kyau, kada ka danna ka wuce. Ka gyara tsayuwarka, ka daidaita komai, ka jira. Wani zai ratso, mai tura ruwa ko 'yar talla ko akuya. Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya rayu daga 1908 zuwa 2004, zane ya fara koya kafin kyamara, kuma hotunansa da yawa haka suke: matakala ko bango ko inuwa a tsare, sai mutum ya faɗo daidai inda ake buƙatarsa. Na taɓa yin kusan awa guda a gaban wani shagon katifu ina jiran mai wucewa, har mai shagon ya tausaya ya miƙo min benci.

Abu na biyu, ka cika hoton da zubin har ya fita ta gefuna huɗu. Idan mai kallo ya ga inda tukwanen suka ƙare, ya san ashirin ne. Idan bai gani ba, sai ya ɗauka ba su da iyaka.

Ana ta maganar ƙa'idar kashi uku da lissafin zinare. Dole ne in bi su?

Ƙa'idar kashi uku tana cewa ka raba hoto gida uku a tsaye, uku a kwance, ka ajiye abin da kake nufi inda layukan suka haɗu. Tsohuwa ce, wani Baturen Ingila, John Thomas Smith, ya rubuta ta tun 1797 yana magana kan zanen shimfiɗar ƙasa. Tana da amfani ga mai koyo domin tana raba shi da ɗabi'ar dasa komai a tsakiya.

Lissafin zinare kuwa, wato 1 zuwa 1.618, gaskiya ne a ilmin lissafi, kuma yana da alaƙa da jerin lambobin Fibonacci, 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, waɗanda ake iya ƙirgawa a idanun abarba. Amma ni a ganina an cika masa gishiri a harkar hoto. Mutum zai ɗauki hoto da ido, bayan ya yi kyau sai wani ya zo ya ɗora masa zanen katantanwa na wannan lissafi ya ce ga sirrin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan kana gaban ƙofar zaure da damanta da hagunta suka yi daidai, ka sa ta a tsakiya cak, kada wata ƙa'ida ta hana ka.

Wannan duk ba ilmin Turawa ba ne?

Kyamarar tasu ce. Idon kuwa mun gaje shi. Ka cire hular kanka ka dube ta. Ka dubi aska takwas da aska biyu a ƙirjin babbar riga, aikin da Zariya ta yi suna a kansa, yadda dogayen alwatika ke gangarowa kusa da da'irar tambari. Ka dubi dagin Arewa, layukan da ke shiga suna fita ba ka ga inda suka fara ba. Ga zanen ƙwarya, ga saƙar faifai, ga lallen amarya, ga zayyanar allo ranar saukar karatu. Wanda ya tashi a cikin waɗannan ba baƙon zubi ba ne, bai dai taɓa tunanin ya kalle su ta kyamara ba.

Ka hau mota ka je Zariya. Tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara ya ɗaure bakan gizonsa, kuma har yau masana gine-gine na duniya suna nazarinsa. A cikin birni ka ɗaga kai ka ga zanko a kusurwar soraye da adon da aka tayar a fuskar zaure. A gidan tarihi da ke titin Ali Akilu a nan Kaduna kuma, ka nemi kayan Nok, sassaƙen yumɓun da masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928 a kudancin jihar nan. Sun haura shekara 2000, amma dubi idanunsu: alwatika ne ko rabin da'ira, da huji a tsakiya. Maginin bai kwafi ido yadda yake ba, ya tace shi ya mayar da shi siffa. Abin da muke fama mu koya ke nan.

A 1958 ɗaliban zane a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya a kan wannan magana: a karɓi dabarar waje, a zuba mata zanen gida. A fagen hoto, J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, sau da yawa ta ƙeya, a gaban bango mara komai, har kitso ya koma kamar gini. Seydou Keïta a Bamako yakan zaunar da mace mai zane mai ado a gaban labule mai ado, zubi ya yi karo da zubi, fuskar ta fito a tsakani. Har shi M. C. Escher na Holan, da ake ta yaɗa zanensa a intanet, fadar Alhamra ta Musulmin Andalus ya je a 1922 da 1936 ya zauna yana kwafar adon bangonta.

Me ya sa nake ganin fuska a soket da gaban mota?

Haka aka halicci ƙwaƙwalwa, ɗigo biyu da layi a ƙasa sun ishe ta ta ce mutum ne. A 1976 kumbon Viking 1 na Amurka ya turo hoton wani tudu a duniyar Mas mai kama da fuska, aka yi ta surutu, sai hotunan baya masu kyau suka nuna tudu ne kawai da inuwa. Masana halayyar ɗan Adam a Jamus, su Max Wertheimer, sun yi bayani tun farkon ƙarni na 20 cewa ido yana haɗa abubuwan da ke kusa da juna, yana haɗa masu kama, yana kuma ƙarasa layin da ya yanke. Ribar mai hoto a nan ita ce ba sai ka nuna da'ira gaba ɗayanta ba. Rabin taya ya isa, mai kallo zai cike sauran, kuma zai ji daɗin cikewar.

In na ɗauki dogon gini sai ya fito kamar zai faɗi baya.

Ka ɗaga bakin wayar sama ne. Ja da baya, ka riƙe ta a miƙe, ka yi amfani da gilashin da ke jawo nesa idan wayarka tana da shi, sannan ka yanke ƙasan hoton daga baya. Nisan yana da wata riba: yana matse abubuwa, turakun lantarki da ke warwatse su dawo kamar haƙoran mataji. Ko kuma ka je gindin ginin ka kalli sama gaba ɗaya, karkatar ta zama da gangan. Tsaka-tsakin ne ke kama da kuskure.

Wani lokaci rigar ango tana fitowa da wasu layuka masu rawa da babu su a zahiri.

Idan yadi yana da ƙananan layuka a matse, kamar saƙi, sukan yi karo da jerin ƙwayoyin da ke ɗaukar haske a cikin kyamara, sai a haifi zubi na uku na ƙarya. Haka yake faruwa da ragar sauro da fuskar talabijin. Matsa gaba kaɗan ko baya, ko ka sauya kusurwa. Ka duba tun kana wurin, domin gyaransa a kwamfuta wahala ne, kuma dangin ango ba sa karɓar bayani.

Baƙi da fari ko mai launi?

Idan siffa da inuwa ne ƙarfin hoton, cire launi. Idan launin ne ke yin zubin, kamar jan attaruhu kusa da koren tattasai, bar shi. Abin da ba na so shi ne a mayar da hoto baƙi da fari don a ɓoye cewa babu komai a cikinsa.

Ni ba na son ɗaukar hoton mai rai. Akwai wuri gare ni a wannan fage?

Hukuncin wannan na malamai ne, ni mai hoto ne. Amma wuri kam akwai shi, mai faɗi. Ƙofofi, inuwar ƙarfen taga, tsagewar ƙasa a fadama, tsatsar kwano, rubutun ajami a allo, mutum zai ƙare rayuwarsa bai gama da su ba. Abin da zai karya zubin ma ba dole ya zama mutum ba, buta ɗaya a bakin masallaci ta wadatar.

Sai na nemi izini? Ai kaya nake ɗauka, ba mutane ba.

Kayan suna da mai su. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce "Baba, tsarin kayan nan ne ya burge ni, ko zan iya ɗauka?" Ka nuna masa bayan ka ɗauka. Sau da yawa shi zai ce maka dakata, ya gyara jerin, ya kira maƙwabcinsa ya gani. Wani kuma zai ce a'a, yana tsoron ko daga masu haraji kake, sai ka yi godiya ka wuce. Mata da yara, kada ka kuskura ba da yardar su ko ta iyayensu ba.

Kaduna kuma garin sojoji ne. Bariki, shingen bincike, filin jirgi, gine-ginen gwamnati, ka mayar da waya aljihu. An taɓa tsare ni kusan awa uku saboda inuwar wani shinge ta burge ni, ban lura da ginin da ke bayansa ba. Ka gwada yi wa mai bindiga bayanin cewa alwatika kake nema. Sai da na goge hotunan a gabansu, na kira wani yayana ya zo ya tsaya min. Kan layin dogo ma kada ka tsaya, komai kyan yadda ƙarafunan biyu ke haɗewa a nesa.

To yanzu da me zan fara gobe?

Kada ka je ko'ina. Ka zauna a tsakar gidanku daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, ka ɗauki hoto ashirin ba tare da ka fita ƙofa ba, kuma kada a gane sunan abin da ke cikin goma daga ciki. Ka lura da inuwar igiyar shanya, inda take da ƙarfe 4 da inda ta koma da ƙarfe 6. Cikin ashirin ɗin ka zaɓi uku ka turo min, sauran ka bar su a wayarka zuwa wata mai zuwa, sannan ka sake dubawa ka ga ko har yanzu ukun nan za ka zaɓa.